Fili ɗaya, yamma ɗaya: wa zai janye wa wani?

Masu cewa karon lokacin wasanni dole ne a Damagaram tunda fili ya yi mana kaɗan, ni dai ban yarda da ku ba. Fili ya yi kaɗan, wannan gaskiya ne. Amma AC Milan da Inter suna shiga filin San Siro tare tun 1947, Roma da Lazio ma fili ɗaya gare su, kuma ba a taɓa jin motocinsu sun yi kiciɓis a bakin ƙofa kowa na cewa yau ranarsa ce ba. Tun kafin a buga wasan farko na shekara an riga an rubuta: wannan mako Inter na gida, Milan na waje, mako mai zuwa a juya.

Har abin dariya ya taɓa fitowa daga wannan zaman tare. A 2003 suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai. Karon farko babu ci, na biyu aka tashi ɗaya da ɗaya, Shevchenko ya ci wa Milan, Obafemi Martins na Najeriya ya rama wa Inter. Milan ta wuce da dokar ƙwallon da aka ci a waje, wadda a lokacin ke ba wanda ya fi ci a gidan abokin karawa nasara in an yi kunnen doki, a filin da take wasa tun kaka da kakanni, don kawai takarda ta ce a ranar Inter ce mai masauki. Magoya bayan Inter sun ji zafi, amma dokar an san da ita tun kafin a hura usur.

A Ingila ko fili ba ɗaya ba ne, gari ɗaya ya isa. Masu tsara jadawali suna haɗa Liverpool da Everton, su haɗa Manchester United da Manchester City, ta yadda in ɗaya na gida ɗayar ta fita. Dalilin ba boyayye ba ne: 'yan sanda ba za su iya tsare taro biyu a lokaci guda ba, jirgin ƙasa da hanyoyi ma ba za su ɗauka ba. Ku tuna 2019. Ƙuri'a ta ba Manchester United wasa na biyu da Barcelona a gida, City ita ma za ta karɓi Tottenham a makon. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ce ba za a yi biyun a Manchester ba, City ce ke riƙe da kofin Firimiya, saboda haka United ce za ta janye. Aka juya, suka fara a Old Trafford, Barcelona ta ci ɗaya, suka je Camp Nou aka zuba musu uku. 'Yan United na fadarmu har yau in an taɓo zancen sai sun ce da ba a juya ba da labari ya sha bamban. Allah Ya ba ku haƙuri, da Messi na wancan dare ko a ina aka buga sai ta Allah.

To mu dawo gida. Mu namu lokacin wasa ɗan tsaki ne: daga an sallame la'asar zuwa kiran magariba. Kafin nan rana ba ta bari, musamman a watan huɗu da na biyar da zafi ke haura digiri 40, bayan nan kuma filayen unguwa babu fitila. Cikin wannan awa biyun kowa ke son shiga: ekip mai atisaye, gasar babban hutu, 'yan makaranta, tsofaffin 'yan wasa masu motsa jini, ga mai biki da ke neman wurin kafa rumfa.

Na ga yadda take kasancewa a wani filin unguwa. Yara sun zo da toka cikin bokiti sun ja layi, sun ɗaura raga, sun haɗa kuɗin ruwan leda dala ashirin-ashirin. Baƙi sun iso daga wata unguwa, uku-uku a kan kabu-kabu. Sai ga wata ekip da rigunanta, kocinsu na cewa shi ma an ba shi fili, "Alhaji ne da kansa ya ce mu zo". Babu mai takarda a hannu. Aka yi ta buga waya har inuwa ta rufe rabin fili, a ƙarshe wanda ya fi sanin manya ya buga, sauran suka naɗe ragarsu. Kuɗin kabu-kabun nan babu wanda ya mayar musu.

Akwai kuma karon da ba mu cika lissafawa ba, wanda a ganina ya fi kowanne cin mu: gidan kallo. Wasannin Ingila na Asabar da ake farawa ƙarfe uku nasu, a lokacin sanyi ƙarfe huɗu ne a nan, daidai lokacin da namu ke shiga fili. Abin mamaki, Bature a Ingila ba ya ganin waɗannan wasannin kai tsaye a talabijin ɗinsa. Tun shekarun 1960 suka hana nuna ƙwallo kai tsaye a yammacin Asabar, daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada mutane su zauna gida su bar ƙananan ekip ɗinsu da benci wayam. Su sun kare nasu daga Arsenal da Liverpool, mu kuma muna sa wasan yaranmu a daidai wannan sa'ar, sannan mu ce mutanen Damagaram ba sa son na gida. Garin da ekip ɗinsa Espoir ta ɗauko wa kofin ƙasa a 1984? Garin da in ana kokawar takobi ko wurin tsayawa sai ka yi da gaske?

Ba mu da ikon kashe wa kowa talabijin, ban ma so a kashe. Amma jadawalin Turai yana fitowa tun watan shida, kowane yaro na da shi a waya. Mai shirya gasa zai iya duba shi ya kauce wa ranar Clasico, wato karon Real Madrid da Barcelona, ya kai babban wasansa Laraba ko Alhamis a makon da babu gasar zakaru.

Abin da nake roƙon masu kula da filaye shi ne allo ɗaya a bakin ƙofa, a rubuta wata guda gaba: rana, sa'a, sunan ekip. A ƙasa a rubuta wanda ke janyewa in an yi karo: wasan gasa ya riga atisaye, wanda ya fara rubuta suna ya riga wanda ya zo daga baya, ko ɗan wane ne. A ɗauki hoton allon a tura wa shugabannin ekip ta WhatsApp duk ranar ɗaya ga wata.