Kafin a Kawo Igiyar Awo: Wa Zai Karɓi Gonar Baba?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san ranar da zai ajiye aiki tun ranar da aka ɗauke shi: ko ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya yi 35 yana aiki. Manomi ba shi da irin wannan rana. Gwiwa ce ke sallamarsa, ko ido, ko likkafani. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da damina ya ga irin dattijon da nake nufi, duƙe da fartanya, gemu fari fat. Ka tambaye shi ina yaran, sai ya lissafa maka: ɗaya na jan Adaidaita Sahu a birni, ɗaya na gadi a Legas, ɗaya na sayar da rake a Abuja.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce yaran yanzu ba sa son wahala. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban yarda ita ce duka maganar ba. Magidanci ne mai shekara 40 da 'ya'ya biyar, har yau ba shi da ta cewa kan ko gero za a shuka ko waken suya, bai san buhu nawa aka sayar ba, bai kuma san wane ɓangare na gonar zai zama nasa ba. Don me zai kai taki gonar da gobe za ta iya faɗawa rabon wani? Babur ɗin haya ko banza ya san abin da ya samu kafin magariba.

Kakanninmu suna da tsari a kan wannan, shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa, har da masu aure, suna noma babbar gona tare daga safe zuwa azahar. Shi kuma maigida abinci na wuyansa, da kayan aiki, da haraji, da ɗawainiyar auren fari. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko ranar hutu, abin da ya samu nasa ne. A gayauna yaro ke koyon yanke shawara, ya yi kuskure ya ji a jikinsa. Kafin ƙarfin uba ya ƙare, babban ɗa ya riga ya san kowace kunya da kowace iyaka. Yarjejeniya ce da kowa ya san haƙƙinsa a ciki, ko da ba a rubuta ba.

Wannan yarjejeniya ta saki. Kuɗi sun shigo ko'ina, ci-rani ya daina zama na rani kaɗai, kuɗin aure ya fi ƙarfin rumbu, harajin ma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke shi bayan hawansu mulki a 1979. Uba ya daina iya sauke nasa nauyin, amma bai saki ikon ba. Mutane kuma sun ƙaru: ƙidayar 1963 ta ba Najeriya kusan miliyan 56, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, yanzu an haura miliyan 200. Ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa.

Mu yi lissafi. Mutum ya rasu ya bar hekta 4, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu, iyayensa sun riga shi. Matar ta ɗauki tumuninta, rabin hekta. Sauran hekta uku da rabi a kasa gida 12. Kowane namiji ya tashi da ɗan abin da ya haura rabin hekta, kowace mace da abin da bai kai sulusin hekta ba. Gonar da ta ciyar da gida guda ta koma tsiri-tsiri tara, wani ko shanun huɗa ba za su juya a cikinsa da daɗi ba, balle tarakta. In a gefen birni ne, kamar Kumbotso ko Ungogo, ba a ma kai wa ga shuka. Dillalai na zuwa tun ranar sadakar uku, kafin shekara ta zagayo gonar ta zama filotai na awon igiya.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Rabon gado ba shi ne matsalar ba, Allah da kansa ya yanka wa kowa kasonsa a Suratun Nisa'i, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Abin da nake cewa shi ne, Shari'a ta faɗi kason kowa, amma ba ta wajabta a datsa gona da igiya ba idan magada sun yarda su ci gaba da mallakarta tare. Suna iya ba ɗayansu ya noma, ya riƙa fitar wa kowa kuɗin haya gwargwadon kasonsa. Wani na iya sayen kason ɗan'uwansa. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ya ma tanadi shuf'a: idan ɗaya ya sayar wa bare kasonsa a gonar da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da damar biyan kuɗin su karɓe. Sau nawa ka ji an yi wannan bayani a wajen tafsiri ko a huɗubar Juma'a a ƙauye?

Na san abin da mata za su ce, kuma suna da gaskiya. "A bar gona haɗe" ita ce maganar da yayye maza suka daɗe suna cinye haƙƙin ƙannensu mata da ita. A ce mata ai tana gidan miji, a aika mata da kwano biyu na gero da kaka, shi ke nan har ta mutu, 'ya'yanta su zo su tarar an manta ma uwarsu na da kaso. In haɗin zai zama haka, gara a raba. Sharaɗin zama tare shi ne a rubuta kason kowa, da abin da za a ba shi duk shekara, da yadda zai fita in ya ga dama.

Sai dai duk wannan bayan mutuwa ne, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da na fi so a yi magana a kai shi ne miƙa ragamar noma tun uba na da rai. A nan ne harshe ke nauyi. Ɗan da ya tayar da zancen, amsar da zai samu ita ce, "Wato ka ƙosa in mutu ko?" Shi ma dattijon ba rigima ce kawai ke damunsa ba, tsoro ne. Gonar ita ce fanshonsa, ita ce asibitinsa, ita ce ta sa ake durƙusa masa da safe. Ya ga sa'o'insa da suka raba komai suka koma jiran a sammu su.

Faransa ta gane haka tun 1962. Ta fito da wani alawus na tsawon rai ga tsohon manomin da ya yarda ya sakar wa matashi gona, kuma a shekarar ta yi dokar da ta ba uba da ɗa damar yin rajistar gona a matsayin abokan tarayya. Gandu ne da takarda, in ka duba da kyau. Mu a nan, hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, amma je ka kasuwar Dawanau ka tambayi manoman da suka kawo kaya ko sun taɓa jin labarinsa. Wanda kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, da kaka ya kamata a same shi, ta hannun ƙungiyarsu ta manoma, ba a jira shi a banki ba.

Kafin gwamnati ta farka, akwai abin da gida zai iya yi. Uba ya riƙe mallakar gonarsa, ya miƙa gudanarwa ga ɗan da ya zauna, a yanka masa dami ko buhu kaza duk shekara, a gaban sauran 'ya'ya da dagaci da liman. In kuma kyauta zai yi, ya sani cewa ba a yi wa magaji wasiyya, kyautar kuma ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya kama aiki tun mai bayarwa na da lafiya. Ya kuma tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida kan kyautar da aka fifita ɗa guda da ita. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu a nan, domin dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, daga baya aka kai su har matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar kyauta, aro, haya ko jingina. Mu Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar gonakin karkara, amma galibin gonakinmu shaidarsu ita ce bishiyar kuka da ƙwaƙwalwar mai unguwa.

Wani baffana ya yi irin wannan miƙawar shekarun baya, bayan ciwon ƙafa ya kwantar da shi damina guda. Ya tara yaran, mata da maza, ya damƙa wa na biyunsu babbar gona don shi ne bai tafi ko'ina ba, ya ce fadama da mangwarorin nan kuwa nasa ne sai bayan ransa. An yi 'yar tsama, babban ya yi wata biyu ba ya kiran waya, daga baya ya sauko. Yanzu kullum da hantsi baffan kan dogara sandarsa ya je bakin gonar, ya zauna a inuwar ɗorawa, ya yi ta faɗan cewa kunyoyin sun yi kusa da juna.