Cinikin Ɗan Kwikwiyo

(Ƙofar wani gida a Samaru, Zariya, bayan la'asar. Buzu maigadi yana fifita gawayin shayi. A gindin darbejiya karyarsa ce kwance, 'yan kwikwiyo suna shan nono. Bazazzagi, ma'aikacin asibitin dabbobi, ya taso daga aiki ya tsaya shan shayi. Sai ga Bakano ya fito daga mota, babbar riga tana sharar ƙasa.)

Bakano: Salamu alaikum. A'a, bawana, nan ma kana nan? Shayin kyauta dai ba ya wuce Bazazzagi.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Bawa ya biyo sawun ubangidansa. Me ya kawo ka Zazzau, ko an daina ciniki a Kwari ne?

Bakano: Kare nake nema. Ɓarayi sun matsa wa sitona lamba, aka ce Buzun nan yana da iri mai kyau.

Buzu: Irin Azawak ne, Alhaji. Uwarta a guje take kamo barewa. Amma 'ya'yan kwanansu goma, ko ido ba su gama buɗewa ba. Ka dawo in sun yi wata biyu.

Bakano: Wata biyu! Kafin nan ɓarayi sun kwashe har da ƙyauren. Bari dai in duba kayan.

Buzu: Daga nan ma ana gani, Alhaji.

Bakano: Ni Bakano, in sayi kaya ban taɓa ba? Ko atamfa sai na murza ta.

(Ya nufi gindin bishiyar. Karyar ta ɗago, ta yi hamma, ta lashi hanci.)

Bazazzagi: Tsaya nan, bawana. Ka ga hammar nan? Ba barci take ji ba. Zuwanka ne ya dame ta. In kare ya yi hamma ya lashi hanci alhali babu abinci a gabansa, cewa yake yi a ba shi wuri.

Bakano: Kai dai boko ya gama da kai. Hamma ma sai an yi mata tafsiri? Ni ma na yi uku a hanyar Kwanar Dangora, wa na ciza?

(Ya ƙara taku biyu. Karyar ta kau da kai gefe, tana kallonsa ta wutsiyar ido, farin idon ya fito.)

Buzu: To, ga ta biyu. Ta kau da kai.

Bakano: Madalla! Ciniki ya fara ke nan. Duk mai kayan da ya kau da kai ya ce albarka, sayarwa zai yi. Shekarata nawa a kasuwa?

Bazazzagi: Wannan ba 'yar kasuwa ba ce, mai jego ce. Dubi kunnuwanta, ta kwantar da su baya. Dubi yadda ta rufe 'ya'yan da jikinta. Kare mai cin abinci, da mai barci, da mai ciwo, da wanda aka ɗaure, duk ba a matsa musu. Mai shayarwa kuwa ta fi su duka.

Bakano: To ai ga shi tana kaɗa wutsiya. Ko a Zazzau kaɗa wutsiya ma zagi ne?

Bazazzagi: Kalli irin kaɗawar. Wutsiyar murna sakakkiya ce, har ƙugu yake rawa tare da ita. Wannan ta miƙe ƙyam, bakinta kawai ke karkarwa, jiki ya sandare. Ga gashin bayanta ya tashi. Kuma don Allah ka daina zura mata ido, a wurinsu neman faɗa ne.

Bakano: Ni in sunkuyar da kai don karya? Ko surukata ce?

Buzu: Da surukarka ce, Alhaji, da tuni ka cire takalmi ka tsuguna daga nesa.

(Karyar ta fara gurnani ƙasa-ƙasa.)

Bakano: Buzu, ji rashin kunya! Baƙo ya zo da kuɗinsa tana yi masa gurnani. Ɗauko sanda ka koya mata ladabi.

Buzu: Ba zan doke ta ba. In na doke ta yau don ta yi gurnani, gobe ba za ta yi ba, cizo kawai za ta kai. Gurnanin nan shi ne mutuncin da take yi maka.

Bakano: Mutunci?

Buzu: Yaran unguwar nan duk sun san shi. Da ta yi, sai su kwashe ƙwallonsu su koma can. Ko ɗaya ba ta taɓa ciza ba.

Bakano: Su yara ne. Ni da laya a damtsena, tun ta kakana. Ko kura ta ganni sai ta sauya hanya.

Bazazzagi: Kurar ta iya karatu ke nan. Wannan ba ta shiga makaranta ba. Saurara, kada ka juya da gudu, guduwa ce ke sa su bi mutum. Tsaya cik, sauke hannuwanka, juya mata gefenka, ka ja baya a hankali.

Bakano: Ga shi har murmushi take yi mini, haƙora a waje. Wancan mai farin goshin nake so. Zo nan, ɗan albarka...

(Ya miƙa hannu. Karyar ta zabura, ta cafki hannun riga, ƙyaaat! Bakano ya yi baya, ya taka bakin rigarsa, ya zauna daɓas cikin kwanon ruwan karnuka. Hula ta yi nata wuri. Karyar ta koma ta kwanta kan 'ya'yanta.)

Bakano: Wayyo Allah! Ta kashe ni! Shaddata! Gezna ce fa, ko wanki ɗaya ba a yi mata ba!

Bazazzagi: Ina layar?

Bakano: Tana ɗaya hannun, munafuki!

Bazazzagi: Kawo in gani. Haƙori ya karce ka a wuyan hannu, ga jini kaɗan. Ka gode Allah kashedi ta yi. Da cizo ta yi niyya, da yanzu muna ƙirga yatsunka. Buzu, kawo sabulu da buta. A'a, kawo jarkar gaba ɗaya.

Bakano: Jarka? Wankan gawa za ku yi mini? Ɗan karcen nan, a shafa masa toka ko man birki, shi ke nan.

Bazazzagi: Man birki a mota yake aiki. Minti 15 za mu yi muna wanke shi da sabulu, ruwa yana zuba a kai. Daga nan sai asibiti, yau ba gobe ba, su duba ko kana buƙatar allurar haukan kare da ta tetanus.

Bakano: Karyar nan ai lafiyarta ƙalau. Rashin tarbiyya ne kawai.

Buzu: Tana da katin rigakafi, Alhaji, duk shekara ake yi mata. Ga shi can cikin akwatina.

Bazazzagi: Ka ɗauko, za mu tafi da shi likita ya gani. Kuma ka sa mata ido kwana 10, in ta canza hali ko ta daina cin abinci ka kira ni. Kai kuma daina fizge hannu. Ciwon haukan kare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare. Cikin kowane goma, huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Kafin su bayyana kuwa allura tana tare shi, tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro a Faransa.

Bakano: Shi yaron nawa aka caje shi?

Bazazzagi: Ka ji Bakano! Ana maganar rai yana maganar canji.

Bakano: Minti nawa yanzu?

Buzu: Huɗu.

Bakano: Agogonka na Agadas ne, ba ya sauri. Sabulun ma kun kusa cinye shi.

Buzu: Za a sa maka a lissafi, Alhaji. Sabulu, ruwa jarka ɗaya, da kwanon da ka lotsa.

Bakano: Ni aka yaga wa riga, ni kuma zan biya kwano? To wa zai biya shaddar?

Buzu: Tambayi mai jegon. Ga ta can.

Bakano: A'a, bar ta ta huta. Mai jego ai ba a damunta.

Bazazzagi: Allahu Akbar! Karatu ya shiga ta wuyan hannu. To tunda hankalinka ya dawo, bawana, dama ina neman ka. Kuɗin nan da ka ranta a wurina tun kafin azumi, ka ce bayan salla...

(Bakano ya yi wata doguwar hamma.)

Bazazzagi: Ga babbar salla ma ta wuce.

(Bakano ya lashi leɓe, ya kau da kai wajen titi, yana kallonsa ta wutsiyar ido.)

Bazazzagi: Ko rabi ne ka ba ni, in biya kuɗin makarantar yara.

Bakano: Hmmmmm...

Buzu: Malam, sauke hannunka. Juya masa gefe, ka ja baya a hankali. Wannan ba shi da kati.