Wa muke jira ya zo ya yi mana?

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu faɗa wa juna gaskiya. Addu'a babu abin da ya fi ta, amma sau da yawa mun mai da "za mu sa ki cikin addu'a" hanyar sallamar mai bukata domin mu wuce abinmu.

A yi sanarwa a majami'a cewa iska ta yaye kwanon ɗakin wata gwauruwa. Kowa ya girgiza kai, "Wayyo, Allah ya kawo sauƙi." A tashi sujada, kowa ya kama hanyar gida, tuwo na jira. Ita kuwa da dare tana jera robobi da tukwane tana tarar ruwa, yara sun takure a lungu ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar tabarma. Alhali cikin masu cewa amin ɗin nan akwai kafinta, akwai mai shagon kwano da ƙusa, akwai matasa majiya ƙarfi. To wa muke jira? Mala'ika ne zai sauko da guduma?

Yakubu 2:16 da mu yake. Ka ce wa ɗan'uwa ya tafi lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi ko loma ɗaya ba, me ka yi masa?

Ku koma ku karanta Nehemiya sura 3, surar da muke tsallakewa saboda yawan sunaye. Nehemiya ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a, sannan ya tashi ya je gaban sarki. Da aka fara ginin garun Urushalima, firistoci sun ɗauki dutse, maƙeran zinariya da masu haɗa turare sun bar sana'arsu sun shiga aiki. Shallum ya fito da 'ya'yansa mata. Wasu daura da ƙofar gidansu kawai suka gyara, kuma an rubuta sunayensu. Manyan Tekowa da suka ga sun fi ƙarfin aikin, su ma an rubuta, har yau ana karanta abin kunyarsu. Cikin kwana 52 aka gama.

Mu kuwa kwatar ƙofar gidanmu ta toshe tun farkon damina, sauro na cin yaranmu, muna zagin gwamnati a Facebook. Haba jama'ar Allah!

Iyayenmu mata na Zumunta, ba na ƙin anko, yana da kyau ƙwarai. Amma kuɗin zane biyu zai mai da marayan da aka koro saboda kuɗin makaranta aji. Baba dattijo, kai ka san gidan da ba a ɗora tukunya ba tun jiya, kada ka jira zaman kwamiti. Ɗan'uwana matashi, shebur na nan a bayan ɗaki.

Don Allah, kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya zaɓi gida ɗaya ya je da ƙafarsa. Don Allah fa.