Ɗaya gefen kaset ɗin Kaka

A danginmu ni ne Injiniya, alhali tarihi na karanta. Sunan ya samo asali ne ranar da rimot ɗin talabijin ɗin Kawu ya ƙi aiki, na buɗe bayansa na tarar an sa batir a baibai, na juya shi ya kama. Tun daga nan fanka ta tsaya a kira Injiniya, waya ta faɗa randa a kira Injiniya. Har rago aka taɓa kawo mini in duba masa ƙafa.

Saboda haka da Kawu ya sayo wata doguwar baƙar na'ura a wurin masu kayan gwanjo na gefen kasuwar Wunti a nan Bauchi, ba wanda ya tsaya tunanin wa za a kira. Na'urar naɗar sauti ce a faifan CD, mai baki biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na rubutawa. Buƙatar Kawu guda ce. Akwai wani kaset da marigayi Kaka, mahaifinsu shi da Ummata, ya ɗauka a 1986, inda ya jero asalin zuri'armu. Kaset ɗin ya fara ja, kuma Kawu yana so a mayar da shi faifai, a kwafa, a raba wa dangi kafin taron zumuncin bayan salla.

Na ce, "Kawu, ai yanzu a waya ake irin wannan."

Ya ce, "Ɗana, wayata ta baya tana ina? An zare ta a kasuwar Muda Lawal da hotunan jikokina duka. Abin da ba zan riƙe a hannu in jefa a adaka in kulle ba, ban yarda da shi ba."

Muka ɗora ta a kan teburin falo, yara suka yi mata zobe. Ganin jama'a ta taru sai malantar tarihi ta motsa mini. Na gyara murya ina bayanin yadda kamfanonin Philips da Sony suka haɗa kai suka fito da faifan CD a 1982, faɗinsa santimita 12, da yadda irin waɗannan na'urori na naɗa a gida suka bazu a ƙarshen shekarun 1990. Ina tsakiyar lacca, Autanmu ya lura haƙoran filogin na'urar fala-fala ne, ba su dace da soket ɗin bango ba. Yaron bai son ganin aiki ya tsaya. Ya lalubo wata adafta a bayan firij ya cusa.

Fau!

Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan saman na'urar yana tafiya a natse. Kawu ya dubi hayaƙin, ya dubi Auta, sannan ya tsayar da idonsa a kaina, don dai ni ne Injiniya.

Mai gyaran da muka kai wa, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare a bayan kasuwa, ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya juya bayan na'urar ya ɗora farce a kan wani ƙaramin rubutu: 120V, 60Hz. Ya ce, "Ta Amurka ce. Wutarsu 120, tamu 230 ranar da ta cika. Kun ɗura mata ninki biyu." Allah ya taimaka fiyus da wani ɗan abu mai tare wuta ne suka mutu a madadinta. Ya canza su, ya sayar mana da tiransifoma mai rage wuta, nauyinta ya kusa na na'urar kanta.

Da ya kunna don gwaji murfin yana buɗe, na sunkuya ina leƙen ɗan gilashin da ke karanta faifai, ina son ganin hasken nan da ake faɗa. Sai na ji tafin hannu a goshina an mayar da ni baya.

"Malam, ido nawa gare ka?"

Na ce biyu.

"To ka bar su biyu. Hasken nan ba ya ganuwa, ya wuce ja. Da yake ido bai ganinsa, bai ma san ya ƙifta ba. Kuma na wannan bakin ya fi na karatu ƙarfi, ƙona rinin da ke cikin faifai yake, da haka yake rubutu. In murfi na rufe ba abin da zai same ka. Kada ka kuskura ka buɗe a gida, ko ka zare filogi akwai abin da ke riƙe wuta a ciki. Kuma ramukan nan na sama, numfashinta ne, kada a rufe."

Wannan na ƙarshen ya zama yaƙi tsakanina da Hajiya Babba, uwargidan Kawu, wadda a dokarta duk abin da ke falo sai an yafa masa ƙyallen saƙa mai fure. In cire, in je in dawo, in tarar an mayar, har da ƙarin kwalbar turare a kai.

Sai maganar faifai. Na sayo fanko irin wanda ake sa wa kwamfuta, na zura, na'ura ta juya shi ta juya, ta nuna ba ta san da zamansa ba. Na canza wani, haka. Mai gyara ya yi dariya har tabarau ya zame. Ashe irin waɗannan na'urori na gida faifai na musamman suke karɓa, wanda aka rubuta Digital Audio a jikin tambarinsa. Asalin abin wata doka ce da Amurka ta yi a 1992, wadda ta sa ake ɗora ɗan kuɗi a kan irin wannan faifan don a biya masu waƙa. Wato ni da ke Bauchi, ina son naɗar muryar kakana da bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba, sai na nemo faifan da aka cire wa mawaƙan wata ƙasa kaso a kai. Na zaga shaguna har takalmina ya san hanya, kafin wani mai shago a Babbar Kasuwa ya zaro kwali ɗaya daga can ƙasan kanta, ya hure masa ƙura a fuskata, ya ninka kuɗin da ya ga idona ya yi haske.

Haɗa wayoyin bai ba ni wuya ba: ja da fari daga bayan rediyo mai kaset, ja da fari a mashigar na'ura. Na daidaita ƙarfin sauti ina kallon 'yan sandunan haske da ke tsalle a gilashinta, don in suka haura sifili suka shiga ja, murya fashewa take, kuma ba gyara. Na danna, Kaka ya fara.

Sai dai Kaka mutum ne mai magana da nazari. Zai ce "To", ya yi shiru, ya tauna goro, ya yi tari, sannan ya ce "shi kakanmu". Ita kuwa na'urar an saita ta ne a kan waƙoƙi: da ta ji shiru na 'yan daƙiƙoƙi sai ta ɗauka waƙa ta ƙare, ta buɗe sabuwar lamba. Ina kallo lambobi na gudu. "To" lamba 14. Tari lamba 15. Faifan CD kuwa lamba 99 ce iyakarsa. Kaka bai ma sauko kan mahaifinsa ba na'ura ta cika ta tsaya. Wannan faifan yanzu Hajiya Ƙarama ke ɗora kofin shayi a kansa.

Na kashe wannan tsarin na sake. Wannan karon ya tafi sumul, na zaro faifai na kai wa Kawu a mota ina tafiyar ƙasaita. Ya zura a rediyon motar. Shiru. Ya fitar, ya goga a babbar rigarsa yana zagayawa, abin da bai kamata ba, don daga tsakiya zuwa baki ake gogewa da ƙyalle mai laushi. Ya mayar. Rediyo ta rantse ba faifai a cikinta.

"Injiniya," in ji Kawu, "ko dai a kira yaron nan mai cajin waya?"

Wannan maganar ta yi mini ciwo fiye da hayaƙin ranar farko. Abin da ya rage ashe ƙarami ne: sai an kulle faifai. Akwai maɓallin da ake dannawa na'ura ta ɗauki 'yan mintoci tana rubuta jadawalin abin da ke ciki, kuma sai da wannan jadawalin sauran rediyoyi ke gane shi. In an kulle ba ƙari ba ragi. In kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar kullewa, faifan na iya tafiya ke nan. Na mayar da shi, na danna, lambobi suka fara ƙirgawa baya, sai fankar sama ta yi wani irin nishi ta fara rage gudu. Hajiya Ƙarama ta samu maɗorin kofi na biyu.

Washegari na ɗauki mataki irin na manya. Aka tayar da janareta, na cika shi da mai, na dasa Auta a gabansa da kashedin ko biri ya gani a kan babur kada ya motsa. Na cire wayar lasifika don Hajiya Babba ta ce ta haddace tarin surukinta. Sandunan haske sun ishe ni shaida.

A nan ne tattali ya shigo. Kaset ɗin na minti 90 ne, 45 kowane gefe. Faifan kuma yana ɗaukar minti 80. Da gefen farko ya ƙare na lissafa saura minti 35 fanko a faifan da na saya da tsada. Na juya kaset na gwada, sanduna suka yi tsalle, alamar akwai magana. Na ce Allah sarki Kaka, ashe bai gama ba. Na danna na tafi sallar la'asar. Na dawo na kulle faifai lafiya lau, na gwada farkonsa a mota, muryar Kaka ta fito tangaran. Kawu ya share ƙwalla ya sa mini albarka.

Daren nan na kwana ina kwafa daga baki ɗaya zuwa ɗaya. Na rubuta suna a kan kowanne da alƙalamin maka mai laushin baki, don biro na iya kankare saman faifai, inda bayanan suke kusa. Aka ba direbobi saƙo: na Azare, na Misau, na Ningi, na Goggo a Gombe.

Ranar taro an shimfiɗa tabarmi har ƙofar zaure, maza gefe mata gefe, an ɗauko lasifikar Islamiyyar unguwa. Minti 45 Kaka yana jero kakanni, tsofaffi na gyaɗa kai, mata na matse ido da gefen mayafi. Ya yi addu'a, aka shafa. Har an fara buɗe kulolin masa sai lasifika ta yi ƙaras, aka ji wani saurayi yana gyara murya.

"Gwaji, gwaji. Assalamu alaikum, tauraruwar Unguwar Jahun, 'yar gidan mai goro."

Muryar siririya ce, amma duk wanda ya taɓa jin Kawu yana ciniki ya gane ta. Hannun Kawu ya tsaya a iska da masa a ciki.

"Wallahi tun ranar da na gan ki a bakin famfo tuwo ya daina yi mini daɗi. Kada ki ji an ce an sa mini rana a gida ki damu. Wannan zaɓin Baba ne. Ke ce zaɓin zuciya."

A 1986 aka ɗaura auren Kawu da Hajiya Babba, kuma gidansu ba a taɓa sayar da goro ba.

Na yunƙura zan kashe, Hajiya Babba ta ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ta dube ni ba. "Injiniya, zauna. Ai tarihi muka taru mu ji." Na zauna. Saurayin cikin lasifika ya ce bari ya sake, farkon bai yi daɗi ba. Ya sake. Sannan ya ce zai ɗan rera mata wani abu da ya tsara da kansa. Hajiya Ƙarama ta kifa kai a cinyar Ummata, kafaɗunta na rawa. Wani tsoho mai nauyin kunne ya tambaya da ƙarfi ko wannan ma cikin kakanni yake.

Bayan an watse Kawu ya ja ni bayan mota. "Goge shi. Yanzu."

Na ce, "Kawu, wannan CD-R ne, sau ɗaya ake rubuta shi. Mai goguwa shi ne CD-RW, shi kuma tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa karanta shi, shi ya sa ban saya ba."

Ya fizge uwar faifan ya lanƙwasa da hannu biyu. Faifai ba ya karyewa cikin mutunci. Ya yi taurin kai, ya yi, sannan ya fashe tas, wani ɓallin ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa cikin kular miya. Na so in ce da almakashi ake yanka shi, na ga ba ranar nasiha ba ce. Na kuma so in tuna masa na Azare da Misau da Ningi, sai wayarsa ta yi ƙara. Goggo ce daga Gombe. Bai ɗauka ba.

Da safe Hajiya Babba ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da nata kwafin a hannu, tana so a yi mata guda biyar, za ta aika wa ƙannenta. Na zura, na danna, na'ura ta ƙi. Irin waɗannan na'urori suna da wani tsaro: daga faifan asali za ka kwafa, amma daga kwafi ba za su ba ka wani kwafin kai tsaye ba, asalin kuma yana cikin miyar jiya. Na yi mata bayani ina ɓoye murnata, don Kawu na tsaye a bakin ƙofa yana sauke ajiyar zuciya.

Hajiya ta ce, "Ba komai, ɗana." Ta juya ta ƙwala kira. "Auta! Wannan da ka sa a kwamfuta jiya da dare ka tura wa 'yan gidanmu a WhatsApp, zo ka sa mini wurin waƙar ya zama kiɗan kiran Alhaji."