Ranar sallama ba ita ce ranar nasarar aikin ƙashi ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kwanan nan shi ne yayin da asibitocinmu suka shiga na tallar aikin ƙashi, yau a ce an canja wa wani gwiwa, gobe ƙugu, a ɗauki hoton mara lafiya yana dogara sanda a ce an yi nasara, ba sai an je Indiya ko Masar ba. Madalla, wallahi ina murna. Amma wa ya koma ya duba mutumin nan bayan wata biyu?

Kawuna mashin ya kaɗe shi ya karye a cinya, aka sa masa ƙarfe a wani asibiti, aiki ya yi kyau aka sallame mu. Sati na shida bakin ɗinkin ya fara tsatsafo da ruwa, sai wari, sai zazzaɓin dare. Tsakaninmu da asibitin tafiyar awa uku ce, kuɗi kuma sun ƙare a aikin, don haka wajen mai kemis aka riƙa kai shi wankin ciwo ana ta dirka masa allurai, sai da mugunya ta kai ga ƙashi sannan aka koma aka cire ƙarfen. Duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ba a kira mu an ce ya jiki ba.

Ciwon da ya shiga wajen ƙarfe ba irin na sauran tiyata ba ne. Ƙwayar cutar, galibi Staphylococcus aureus da ke zaune a fata da hancin mutum, in ta samu ƙarfe sai ta liƙe ta yi wa kanta rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa sosai, ta yi lamo har sai an koma gida. Shi ya sa a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC kwana 90 take bibiyar irin wannan aiki, ba 30 ba kamar na wasu tiyata. A Ingila tun 2004 dole ne asibitocin gwamnati su ƙirga ciwon da ya biyo bayan aikin ƙashi su miƙa alƙaluma.

Mu kuwa da an yi magana sai a ce ai mara lafiyan ne ba shi da tsafta, ko ya je wajen mai ɗori ya ɓata aiki. Masu ɗori suna ɓarna, ba musu, amma wanda bai ƙirga ba da wane baki zai ɗora wa wani laifi? Ta yaya ka san ba daga ɗakin tiyata ba ne, ba kayan aikin da ba su dahu ba ne, ba hannun mai wankin ciwo ba ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata ciwonsu yana kamuwa da cuta. Duk ƙazamai ne ke nan?

Masu cewa a ɗora mutum kan antibayotik sati biyu bayan aiki shi ke nan, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a daina, a ba da shi cikin minti 120 kafin a tsaga.

Kuma ƙirgan ba wani tsada ne da shi ba. Nas ɗaya, rijista, waya da kati, a kira mutum a kwana 30 a sake kira a kwana 90, in ciwo na ruwa a ce ya dawo a ɗebi ruwan a kai lab. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano da Igbobi a Legas da Enugu su ya kamata su ja gaba, duk shekara a fito da adadi kowa ya gani, sannan ma'aikatar lafiya ta wajabta wa masu zaman kansu, tunda su suka fi kowa ɗaukar hoton.