Mazarƙwailar Amami da ɗaukakar gidan Shimazu

Duk mai bibiyar yadda Japan ta tashi tsaye a ƙarni na 19 ba zai rasa cin karo da sunan Satsuma ba, masarautar da ke kudancin tsibirin Kyushu, wadda a yau ake kira jihar Kagoshima. Daga can Saigo Takamori da Okubo Toshimichi suka fito, waɗanda suke sahun gaba wajen kifar da mulkin gidan Tokugawa a 1868. Gidan sarautar da ya rene su, wato gidan Shimazu, ya riƙe wannan yanki kusan shekara 700, tun daga kakansu Shimazu Tadahisa a ƙarshen ƙarni na 12. Ana yaba wa gidan da hangen nesa, kuma ya cancanci yabon. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin tamkar dukiyar da aka yi aikin da ita daga sama ta faɗo, alhali kuwa da gumin manoman rake na tsibiran Amami, da ke cikin teku kudu da Kyushu, aka tara kaso mai yawa nata.

A yaƙin Sekigahara na 1600, Shimazu Yoshihiro ya tsaya a ɓangaren da ya sha kaye, ya kutsa ta tsakiyar rundunar abokan gaba ya tsira da mutane ƙalilan. Tokugawa Ieyasu, wanda ya ci yaƙin, ya bar wa gidan ƙasarsa, amma amana ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Satsuma ta zama cikin masarautun da ake kira tozama, wato na waje, waɗanda ba a ba su muƙami a gwamnatin Tokugawa da ke Edo, wato Tokyo ta yau. An ƙiyasta arzikinta a kan koku 770,000, ma'aunin shinkafar da ake ganin ɗaya zai ciyar da mutum shekara guda, kuma gidan Maeda na Kaga kaɗai ya fi ta. To amma suna ne ya fi kasuwa, domin yawancin ƙasar toka ce ta aman wuta wadda ba ta karɓar shinkafa sosai. Dankali ne ya rufa wa talakawa asiri, har Japanawa suke kiran sa da sunan Satsuma zuwa yau. Ga shi kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar mayaƙan samurai ne da iyalansu, kuma dole a ci da su.

A kan wannan talauci sai gwamnatin Edo ta ɗora nata nauyin. Doka ta wajabta wa kowane basarake ya riƙa zuwa Edo da ayarinsa yana zama, kuma daga Kagoshima tafiyar ta fi wata guda. A 1754 aka umarci Satsuma ta gina madatsun ambaliya a kogunan Kiso da Nagara da Ibi, a yankin da ba nata ba, da kuɗinta da mutanenta. Aikin ya ci kusan ryo 400,000, kuɗin zinariya na lokacin, mutum 51 suka kashe kansu, 33 suka mutu da cuta, shi ma jagoran aikin, Hirata Yukie, ya rasu da kammalawarsa. Wannan zalunci ne, kuma mutanen Kagoshima suna tunawa da shi har gobe. Amma Satsumar da aka danne daga sama, ita ma tana da waɗanda take dannewa a ƙasa.

Tun 1609 ta aika dakaru kusan 3,000 suka mamaye daular Ryukyu, wato yankin Okinawa na yau, suka kama sarkinta Sho Nei, suka yanke tsibiran Amami suka mayar ƙarƙashin mulkinsu kai tsaye. An bar Ryukyu da kamannin 'yanci domin ta ci gaba da ciniki da Sin, Satsuma kuwa tana kwasar riba ta bayan fage. A Amami, sannu a hankali aka mayar da haraji daga shinkafa zuwa baƙin sukari, irin wanda mu muka sani da mazarƙwaila: a matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a bar shi ya daskare.

Lamarin ya kai maƙura lokacin da bashin masarautar ya kai ryo miliyan 5 a wajen 1830, bayan kashe-kashen kuɗi na zamanin Shimazu Shigehide. Aka damƙa gyaran baitulmali a hannun Zusho Hirosato. Ya tilasta wa attajiran Osaka da Edo su yarda a biya su cikin shekara 250 ba tare da kuɗin ruwa ba, ya bunƙasa fasa-ƙwauri ta hanyar Ryukyu, sannan ya ƙulle cinikin mazarƙwailar tsibiran Amami Oshima da Tokunoshima da Kikai. Manomi ba shi da ikon sayar da ko dunƙule ɗaya ga kowa sai hukuma, kuma hukuncin sayarwa a ɓoye yana iya kaiwa ga kisa. An hana amfani da kuɗi a tsibiran, sai dai a ba manomi shinkafa da kayan masarufi a farashin da hukuma ta ga dama, ita kuma ta kai mazarƙwailar Osaka ta sayar da tsada. Gonakin abinci suka koma na rake, idan shekara ta ƙi sai mutane su koma cin wani tsiro mai dafi da ake kira sotetsu, wanda sai an jiƙa an wanke shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Wanda ya kasa biyan haraji yakan sayar da kansa ga mai hali ya zama bawan bashi. Mutanen tsibiran suna kiran wannan zamani jahannamar baƙin sukari, kuma ban ga sun yi ƙari ba.

Da baitulmalin da aka cika ta wannan hanya Shimazu Nariakira ya hau mulki a 1851. Cikin shekara 7 kacal ya kafa masana'antun Shuseikan a gefen lambun gidansu na Sengan-en, inda aka narka ƙarfe, aka ƙera igwa, aka yi gilashi, ya kuma ɗauko Saigo daga cikin ƙananan samurai ya kusanto da shi. Bayan jiragen yaƙin Ingila sun yi wa Kagoshima ruwan wuta a 1863, saboda kisan ɗan kasuwa Charles Richardson a Namamugi, Satsuma ba ta tsaya riƙon gaba ba. A 1865 ta tura matasa Ingila karatu a asirce, ta sayi jiragen ruwa da bindigogi, sannan a 1866 ta haɗa kai da masarautar Choshu. Wannan basira ce ta gaske, kuma ba na rage mata komai.

Wasu za su ce kowace masarauta a lokacin tana tatsar manomanta, kuma da Satsuma ba ta yi ƙarfi ba da wataƙila Turawa sun yi wa Japan abin da suka yi wa Sin. Akwai gaskiya a ciki. Amma manomin Amami ba a tambaye shi ba, ba a kuma saka masa ba. Saigo kansa ya ga halin da idonsa, domin a can aka kai shi zaman gudun hijira daga 1859, har ya auri 'yar tsibirin, Aikana, ta haifa masa 'ya'ya biyu. A 1864 manoman ƙauyen Inutabu a Tokunoshima suka yi bore kan zargin ɓoye sukari da azabtarwar da ta biyo baya. Yanzu Shuseikan tana cikin wuraren tarihi da hukumar UNESCO ta amince da su tun 2015, kuma ya kamata duk inda aka ambace ta a ambaci waɗannan manoma tare da ita.

Ko da aka rushe masarautu a 1871, gidan Shimazu ya shiga sabon tsarin manyan ƙasa da darajarsa. A Amami kuwa, hukumomin Kagoshima suka sa aka kafa wani kamfani da ya ci gaba da riƙe cinikin mazarƙwaila shi kaɗai, sai da mutanen tsibiran suka yi shekaru suna kai ƙara, aka ɗaure wasu daga cikin wakilansu, kafin a bar su su sayar da abin da suka noma ga wanda suke so.