Gimbiyar Baba na da tambaya

To jama'a tunda labarin ya riga ya zaga kuma kowa sai ƙara masa gishiri yake, bari in faɗa da bakina a wuce wajen. Da farko dai maganar da ake yawo da ita wai na yi kuka ƙarya ce wallahi, murya ce ta ɗan yi rawa, kuma netiwok ma ya taimaka.

Kun dai san Oga ba sai na kama suna ba. Mun yi da shi zan riƙa tallata masa kaya a Facebook da Instagram, duk kwastoman da ya zo ta hannuna ya saya kashi 10 cikin 100 nawa ne. Ban karɓi kafin alƙalami ba, ba mu rubuta komai ba, da na ɗan taɓo zancen takarda cewa ya yi "haba ƙanena, ni da kai har sai an sa hannu?" ni kuma kaina ya kumbura an kira ni ƙane. Wata uku na kai masa mutum 23, da datata da baccina. Ranar da na rubuta masa "Oga barka da aiki, maganar kamasho fa" ranar ya yi layar zana.

Daga nan na zama ɗalibin WhatsApp, babu abin da ban haddace ba. Tik ɗaya saƙo ya bar wayarka bai isa ba, tik biyu ya isa, shuɗi an karanta. Oga ya kashe shuɗin, ya ɓoye lokacin da ya hau ƙarshe, amma abin da bai sani ba shi ne ko ka kashe alamar karantawa tana nan tana aiki a guruf, kuma saƙon murya in ka saurara ɗan makirfon ɗin nan sai ya koma shuɗi ko kana so ko ba ka so. Sai na koma tura masa murya zalla. Ina turawa ina zaune ina gadi, in ga makirfo ya yi shuɗi, in ga "taifin..." ya fito a sama, gabana ya faɗi, in gyara zama, sai taifin ɗin ya ɓace. Sau uku yana min haka a rana ɗaya. Ni dai har yau ina so in san me yake rubutawa yana gogewa, ko da zagi ne a turo min in gani.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na ce bari in koma sama in ɗauko inda ya ce kashi 10 ɗin in yi sikirinshot, sai na tarar da wayam. Ashe tun ranar farko ya kunna saƙonni masu ɓacewa na kwana 7, na ga sanarwar a lokacin da idona, na ce a raina ai haka manyan mutane suke yi saboda tsaro. Har burge ni ya yi. Har na kunna wa ƙanwata ni ma.

Ana haka sai ga shi ya sa a sitatus, kuma ni ne na biyu da ya kalla don a lokacin ba ni da wani aiki sai shi, wai zai gabatar da lacca kyauta a Zoom ranar Asabar da daddare, taken laccar kuwa, ku riƙe kujerunku, "Riƙon Amana: Sirrin Ɗorewar Kasuwanci". A ƙasa an rubuta za a ba da damar tambayoyi. Na ce Allah na gode maka, rana dubu ta ɓarawo. Kwana biyu ina shirya tambayata, na rubuta na goge na sake rubutawa, na tsaya gaban madubi na gwada ta da murya uku daban-daban, na zaɓi ta natsuwa irin ta wanda ba kuɗin ne suka dame shi ba gaskiya ce kawai yake so ta yi halinta. Tambayar ita ce: "Ranka ya daɗe, a matsayinka na masani, me za ka ce game da ɗan kasuwar da aka kawo masa kwastoma 23 ya riƙe haƙƙin wanda ya kawo su wata biyar?" Ba suna ba zagi. Shi zai gane, ni zan gane, alat zai shigo kafin a tashi. Haka na tsara.

Ranar Asabar wayata ta ƙi ɗaukar caji, kun san halinta, sai na ari laftof ɗin ƙanwata ba tare da na tambaye ta ba, na shiga a guje don an riga an fara. Kyamara a kashe, makirfo a kashe, na lafe. Mutum kusan 60 a ciki. Oga ya sha gilashi ya sa hoton wani ofis a bayansa wanda duk ya motsa hannu sai rabin kunnensa ya ɓace, yana ta zuba, wai shi a rayuwarsa bai taɓa kwana da haƙƙin wani ba, wai gumin ma'aikaci kafin ya bushe. Ana ta tura masa alamar tafi. Ni ma na tura, don kar a gane ni.

To a nan mutumin fanka ya shigo rayuwata.

Shi wannan bawan Allah ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma har yanzu ba zan ce na gan shi ba don kyamararsa sama take kallo, abin da ake gani fanka ce tana juyawa da saman goshinsa da wani lokaci ƙofofin hancinsa in ya sunkuyo. Tun da aka fara makirfonsa a buɗe yake, ana jin yara, ana jin yana cewa a rufe masa ƙofa, an kashe masa sau biyu yana sake kunnawa. Kawai sai na ga saƙo ya shigo min ta gefe, ni kaɗai, daga gare shi: "Slm ranki ya daɗe". Na share na ce kuskure ne. Sai ga wani: "Daga ina ake sauraronmu?" Sai wani: "Kina da natsuwa gaskiya tun ɗazu ba ki ce komai ba". Na ce wannan wane irin mutum ne, lacca ake yi kan amana shi kuma yana laluben mata a akwatin saƙo, har na ji tausayin wadda yake nufin tura wa. Ko kaɗan ban kawo a raina in duba sunan da ke ƙasan akwatina ba. Ko kaɗan.

Mai gabatarwa, wani yaro da ke yi wa Oga hidima yanzu wanda na tabbata shi ma ƙanensa ne na wannan zangon, ya ce jama'a saura minti goma Zoom ya yanke mu sai a taƙaita. Nan na gane Oga na kyauta yake amfani da shi, wanda kowa ya sani tun zamanin korona a 2020 minti 40 yake bayarwa ya kore ku. Mutumin da ke koyar da sirrin kasuwanci. Ban ce komai ba. Na danna ɗaga hannu da sauri, amma mutumin fanka ya riga ni, kuma a jere ake bi, wanda ya fara ɗagawa shi ne a sama.

Ya ce shi ba tambaya gare shi ba ɗan tsokaci ne. Jama'a duk wanda ya ce muku ɗan tsokaci ne ku nemi matashi. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaida Oga, ya gaida mai gabatarwa, ya gaida iyayenmu da ke cikin wannan zaure mai albarka, ya gaida mata "musamman masu sauraro cikin natsuwa", ya ce shi ma a da ya taɓa kasuwanci, ya faɗi yadda ya fara, ya faɗi yadda abokinsa ya cuce shi, ya ce amma ya yafe, ya dawo ya ce bai yafe duka ba, ya yi tari, ya ce a kawo masa ruwa, muna ji aka kawo muna ji ya sha, fanka na ta juyawa. Ni kuma ina kallon agogo kamar mai jiran sakamakon asibiti, takardata a hannu har ta jiƙe. Minti bakwai da rabi ya ci. Na ƙirga. Abin da ya faɗa gaba ɗaya in aka tace shi ne amana tana da kyau. Kuma Oga ya ce masa "gaskiya ka yi magana mai zurfi". Ni wallahi ko yau aka ce in zaɓa tsakanin a biya ni kuɗina da a ba ni minti bakwai da rabi da mutumin nan a ɗaki ɗaya sai na yi tunani tukuna.

Sai yaron ya ce, "To saura tambaya ɗaya, muna da 'yar'uwa a nan tun ɗazu hannunta a sama. Gimbiyar Baba, bismillah Hajiya."

Na yi shiru ina jiran Hajiya ta yi magana, har ina jin haushi an tsallake ni.

"Gimbiyar Baba, muna jin ki."

Sai ga saƙo ya fito a fuskar laftof ɗin wai mai taro na neman in kunna makirfo. Na kai ido ƙasan akwatina. Gimbiyar Baba, da zuciya ja guda biyu da kambu a gefe, da hoton wata kyanwa sanye da tabarau. Abin da ya kamata mai hankali ya yi a nan shi ne ya rufe laftof ya je ya kwanta. Ko ya canza sunan, daƙiƙa biyar ne. Amma wata biyar ina jiran wannan lokacin, ga saura bai kai minti biyu ba, sai na danna. Kuma kun san muryata, ba ta siriri ba ce, a waya ma babana ake zaton ni ne. Na ce "Assalamu alaikum."

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Sai wata mata da ta manta makirfonta a buɗe ta ce "innalillahi". Sai kyamarar mutumin fanka ta motsa a karon farko tun da aka fara, ta sauko, na ga ido ɗaya, ya zaro shi, ta koma sama. Akwatin saƙo ya cika da fuskokin dariya suna gudu kamar ruwa. Yaron ya ce "a'a, to, Haji... Malam... Gimbiya, ci gaba" yana danne dariya har kafaɗarsa na rawa. Oga kuwa ya gane muryar nan take, ai ya sha jin ta, saƙon murya sama da talatin, na ga ya cire gilashi ya matso da fuska kusa da kyamara yana murmushi irin na wanda aka kawo wa kyauta har gida.

Natsuwar da na gwada gaban madubi duk ta gudu. Na duba takarda na kasa ganin layin farko. Na ce "Ranka ya daɗe, a matsayinka na... na ɗan kasuwa 23..." na tsaya, na ce "a'a, kwastoma, wato in mutum ya kawo wata biyar..." muryar ta haye sama ta yi wani siriri, a daidai lokacin da bai kamata ta yi siriri ba, wani ya rubuta "yauwa ga Gimbiyar ta dawo". Na haɗiye yawu na ja numfashi na ce bari in ajiye takardar in faɗa kai tsaye, na ce "Oga, ni dai kuɗ..."

Zoom ya yanke.

Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashin laftof, bakina a buɗe a kan "kuɗ". Na jira ko za su turo sabon link a dawo, ai haka ake yi. Ba su turo ba. Ko sun turo ban da ni.

Washegari da safe, bayan wata biyar cur, Oga ya yi min magana. "Ƙanena ashe kai ne Gimbiya" da fuskar dariya guda shida. Na ce eh Oga ni ne, maganar kamashon ce dama. Ya ce ai da ka yi min magana kai tsaye. Ban san me ya hana wayar nan fashewa a hannuna ba. Da yamma alat ya shigo, na lissafa na sake lissafawa, na mutum 4 ne cikin 23, kuma a wajen bayani ya rubuta "taimako". Na tura masa murya ina tambayar sauran 19, makirfo ya yi shuɗi, taifin ya fito ya ɓace. Ashe kuma sun naɗi laccar, yaron ya yanko daidai wajen sallamata ya sa a guruf ɗinsu, daga can ne ya iso gare ku, kuma na san wanda ya fara turowa cikinku, zan zo kansa wata rana.

Ƙanwata ta canza fasuwod, kwana huɗu ba ta min magana, wai na zubar mata da aji a gaban mutane 60 da ba ta sani ba.

Shekaranjiya kuma wata baƙuwar lamba ta yi min sallama, na duba hoton, goshi ne da rabin fanka. Ban san wa ya ba shi lambata ba. Ya ce yana ba ni haƙuri bisa rashin fahimta da aka samu, na ce ba komai ya wuce, duk da bai wuce ba. Ya yi taifin ya daɗe yana taifin, na ce ko kuɗin minti bakwai da rabina zai biya. Sai ga shi: "Amma don Allah ita ainihin Gimbiyar tana nan?"

Ban ba shi amsa ba tukuna. Na kashe shuɗin tik ɗina dai.